Ranar da Na Ce Masa Malam

Ko da zan manta komai, ban da ranar da na yi wa abokina ladabi ya yi fushi da ni.

A shekarun baya, mu biyar ne muke ciyayya a ƙofar shagona na ɗinki a Unguwar Shanu, dukanmu mun yi furfura. Sai mutuwa ta shiga ɗaukarmu, kwanuka suna raguwa a kan tabarma, har muka rage mu biyu: ni Bakano, da wani Bazazzagi mai gyaran keke. Kun dai san mu da Zazzagawa, wasa ne na gado. Tun muna samari ban taɓa kiran sunansa ba, sai dai "bawana". Shi kuma ya ce, "Tafi can, Bakanon banza!"

Da ciwo ya kwantar da shi, sai na tafi dubiya gidan ɗansa a Malali da hantsi. Wallahi da na ga yadda ya rame, na kasa yi masa wasa. Na durƙusa na ce, "Sannu Malam, yaya jiki?"

Ya juya fuska bango. Can sai ya ce, "Malam? Ashe kai ma ka sallama ni. Yara sun daina yi mini musu, matata ta daina yi mini faɗa, kowa lallaɓa ni yake kamar ƙwai. Kai kaɗai nake jira, sai ga shi ka zo yi mini ta'aziyyar kaina."

Kai, na ji tausayinsa, na kuma ji kunya. Sai na daka masa tsawa: "Kai bawa! Wa ya ba ka izinin kwanciya? Tashi ka gaida ubangidanka!"

Ya yi dariya har da tari. "Yawwa, yanzu ka iso. Dubi Bakano, dubiya ma hannu rabbana!" Muka yi ta zolayar juna har azahar, hannunsa cikin nawa. A makon ne Allah ya karɓi abinsa.

Daga ranar na gane mai jinya ba tausayi kaɗai yake so ba, so yake a bar shi cikin masu rai. Yanzu ga ni, kowa "Baba" yake ce mini yana durƙusawa. Ba sauran mai ce mini in tafi can.