Ranar da Tsirkiyar Jitata Ta Tsinke

Kawuna makaɗin garaya ne a Chinade, kuma shi kaɗai ya rage da ya iya taken kakanmu. Da ciwo ya shanye masa hannu aka kawo shi jinya gidanmu a Azare, sai ya kafa mini ƙahon zuƙa: tunda na nace wa jita, in ɗauke taken nan kafin ya tafi da shi kabari.

Ni kuwa lokacin ji nake ba kamata. Wani ɗan bautar ƙasa ya koya mini do-re-mi, muryoyi bakwai, a tashi daga do a sauka a do. Kawu ya rera da baki, na bi shi, duk muryoyin suna cikin bakwai ɗin nan. Amma ina direwa a do sai ya ja tsaki.

"Ɗan nan, wannan ai faretin 'yan makaranta ne."

Haushi kamar in fasa jitar. Kullum haka muke kwashewa, ga jikinsa sai baya yake yi, muryar ma ta fara dusashewa. Tsoro ya kama ni sosai.

Wata rana da hantsi ina ɗaure tsirkiya ta tsinke, kuma ita ce mai ɗauke da do ɗina. Sabuwa kuwa sai an yi sautu Kano. Kawu ya ce in kaɗa hakanan, shi ba shi da lokacin jiran mota. Na kaɗa ina ƙunƙuni. Da na zo ƙarshe babu wurin sauka, dole na tsaya a re, tsirkiyar da ke kusa.

Kawu ya ɗago kai.

"Sake."

Na sake, na dire a re. Ashe muryoyin ba su da laifi, ni ne nake kai taken masaukin da ba nasa ba. Gida ɗaya ne mai ɗaki bakwai, kowane kiɗa da ɗakin da yake kwana, na kakanmu a re yake. Wallahi ranar ji na yi kamar an ba ni Katagum kyauta.

Kawu ya ɗora waƙa da 'yar muryar da ta rage masa. Innata ta fito daga madafa da muciya a hannu, tana jin taken ubanta, ta rangaɗa guɗa tana hawaye.

Da damina Kawu ya rasu. Taken bai bi shi ba, yana hannuna, 'yata ma ta iya.