Tabarmar da Elwin Ya Saƙa wa Verna

Ranar da matan coci suka taru ɗinkin bargo a gidan Verna Carver, ranar ce Elwin Alley ya sha kunyar da har yau ake ba da labarinta a bakin kwatar jiragen ruwa.

An hura murhu, ɗaki ya ɗumama, an yanka kek, sai wani wari ya fara tasowa. Ba irin wanda ake kau da kai a yi shiru ba ne, irin mai shaƙe maƙogwaro ne, ka ji shi har a kan harshe. Matar fasto ta ajiye cokali. Wata ta ce ɓera ne ya mutu a bango, wata ta harari tsohuwar da ke kusa da ita. Karen Verna ne ya tona asiri. Ya je ya baje a kan sabuwar tabarmar goge ƙafa da ke gindin murhu, yana birgima yana lumshe ido. Verna ta sa ƙarfen tona wuta ta ɗaga gefenta, sai ga wani baƙin ruwa mai yauƙi ya kwanta a ƙasa, da ɓawon kifi yana iyo a ciki.

Ba sai an tambayi wanda ya saƙa ta ba. Ruwan lemo da kore ce, launin da Elwin ke shafa wa gorunan alamar tarkunansa tun yana saurayi, kuma a tsibirin nan na jihar Maine kowane masunci da launinsa. Shi kuwa gogan naka daidai lokacin ya turo ƙofa, ya sha aski, ya zo karɓar yabo.

Ya ce, "Sannunku da aiki, 'yan mata. Me aka dafa ne haka kowa ya rufe baki?"

Matar fasto ta bi ta gefensa da gudu, ta yi bayan gida tana kakari.

Abin da ya sa bai gane ba, Elwin ba shi da hanci. Yana nan dai a fuskarsa, ƙato ma kuwa, amma ya daɗe da mutuwa. Tun bai kai tsawon gangar kifi ba ubansa ya sa shi aikin cusa ruɓaɓɓen kifi a jakunkunan tarkon jatan lande, don su waɗannan halittu sai abu ya ruɓe suke so. Hannu har gwiwa a cikin ganga, rani da sanyi. Matarsa Lorna, Allah ya ji ƙanta, a rumfar bayan gida take sa shi tuɓewa, ta miƙo masa sabulu a bakin sanda. Da ta rasu, babu sauran mai gaya masa gaskiya.

Da gwiwa ta ƙi, ya sayar da jirgin sunsa. Ana nan hukuma ta hana irin igiyar tarkon nan mai yawo a saman ruwa, wai manyan dabbobin teku suna sarƙewa da ita. Igiya ta taru tuli a kowane gida. Elwin ya kafa turaku a jikin allo, ya koyi saƙa ta, ya kuwa iya. Tabarmarsa ba ta jin ruwa, ba ta jin rana, dusar ƙanƙara ta kwana a kanta a kakkaɓe ta koma sabuwa. Sai dai kowa ya san tsohuwar igiya sai an dafa ta a ganga, an shanya ta iska ta buge ta. Wannan karon Elwin yana sauri, kuma wadda ta fi kyan launi ita ce wadda ta shekara a ƙarƙashin gangar kifin. Ya shinshina, ya ce lafiya lau. Sanyi ya daskarar da ita, ta yi lamo kamar mutuniyar kirki.

Saurin kuwa na Verna ne. Tun da mijinta Cecil ya rasu, duk Lahadi takan dafa wake da naman alade da gurasa mai zuma, ta ajiye wa Elwin kujera. Shi ne abinci mai zafi ɗaya da yake ci a mako, ita ce kuma mutum ɗaya da ke sauraron labarinsa har ƙarshe. Ya ba ta tabarmar ya ce ta waje ce. Ita kuma ta ga kyanta ya wuce a bar ta a waje.

Yanzu ga ta tsaye, ta toshe hanci da gefen gyale.

"Elwin, ɗauki gawar nan ka fitar min."

"Wace gawa, Verna? Saƙa ce mai ninki biyu."

"Ninki goma ce ma! Kai da ita, kada in ƙara ganin ɗayanku a ƙofata sai warin nan ya mutu. Kujerarka kuwa kare zan ba, shi ya fi ka tsabta."

Ya naɗe ta a hammata ya fita, ruwan yana ɗiga a wandonsa na zuwa coci. Tsuntsayen teku suka raka shi har gida suna ihu. A kwata surukinsa Dwight ya hango shi.

"Kyaftin! Wa ya rasu? Ko kai ne ba a gaya maka ba?"

"Rufe bakinka, mai kan ƙwai."

"Ni zan rufe, amma don Allah bi ta bayan iska!"

Lahadi ta farko ya ci gwangwanin miya mai sanyi a tsaye. Ta biyu ma haka. Daga nan ya duƙufa. Ya roƙi Dwight ya ɗaura tabarmar a bayan nasa jirgin ya ja ta cikin teku wuni guda. Ya dafa ta a ganga, ruwan da ya fito ya kashe ciyawar maƙwabta. Ya goge ta da burushi, ya rataye a kan katanga har iska ta gaji. Tun da ba shi da hancin gwadawa, sai ya riƙa tare masu wucewa yana cewa su shinshina masa. Mutane suka koma bin ɗaya hanyar.

Ranar Lahadi ya tsaya a ƙofar Verna, tabarma a hannu. Ƙamshin wake na fitowa, ko da yake shi tururin kawai yake gani. Ta buɗe rabi. Ta karɓa da yatsu biyu, ta kai hanci a hankali. Ta sake kaiwa. Ta kira kare, ya zo ya shinshina ya juya abinsa.

Ta ce, "To, ta wanku." Ta shimfiɗa ta a waje. Har Elwin ya ɗaga ƙafa, sai ta yamutsa fuska, ta matso ta shinshina kafaɗarsa, ta ja baya.

"Wai! Ashe ba ita kaɗai ba ce. Tabarma ta fita, saura mai ita. Kai ma sai Dwight ya ja ka a bayan jirgi."

Ya leƙa ya hango tebur. Faranti biyu ne a kai. Ya goge takalmansa a kan saƙarsa, dama da hagu, ba gaggawa.

Ya ce, "Verna, marigayi Cecil a jirgina ya yi aiki, ganga ɗaya muke tsoma hannu ni da shi. 'Ya'ya biyar kika haifa masa, ban taɓa jin kin toshe hanci ba. Matsa min in wuce, wake na hucewa."