Bencin Aji Ɗaya

Shekara talatin da huɗu Kafinta yana aiki a rumfa ɗaya, bayan tashar mota, tsakanin mai walda da mai faci. Bai yi boko ba. Abin da ya sani game da makaranta ta ƙofar baya ya san shi, domin duk bencin da ya lalace a makarantun unguwar wurinsa ake kawowa. Ƙarar injin yanka katako ta kashe masa kunnen hagu. Idan magana ta yi tsawo, wannan kunnen yake juya wa mai ita.

Yana da hanyarsa ta gane makaranta. Benci ya zo da karyayyiyar ƙafa, ya san tsalle aka yi a kai, babu malami a aji. Ya zo gefensa ya cinye da gugar gwiwar hannu, tawada ta shiga tsagar katako, ya san an zauna an yi rubutu. Bai taɓa gaya wa masu makarantun ba. Gyarawa yake ya mayar musu.

A shekarar da jikarsa ta isa shiga aji ɗaya, wata cibiya ta masu nazarin kasuwa da ilimi ta shigo unguwar. Suka tara iyaye, suka ce makaranta kamar shago ce: a bar mai saye ya zaɓa, wadda ba ta koyarwa za ta rufe da kanta. Suka kawo kati. Duk wanda ya samu, cibiyar za ta ɗauki nauyin karatun ɗansa a makarantar kuɗin da ya ga dama cikin jerinsu. Aka yi ƙuri'a, 'yarsa Auta, uwar yarinyar, ta ci. Mijinta direban babbar mota ne, kullum yana hanya, zaɓin ya rage gare ta.

Makarantu biyu ne kusa da gida. Ɗaya sabuwa ce, mai fenti da ƙofar ƙarfe da mai gadi. Ɗayar a tsohon sito take, wata malama da ta yi ritaya ke riƙe da ita. Kafinta ne ya yi wa dukkansu benci.

Auta ta same shi a rumfa da katin a hannu.

"Baba, mai fentin zan kai ta."

"Kai ta sito."

"Sito fa? Wurin da ko taga ta kirki babu? Baba, kai da ko sunanka da dangwale kake sa wa hannu, me ka gani a can?"

Bai ji haushi ba, gaskiya ta faɗa. Ya ce mai sabuwar makarantar da ya zo, tsayi ɗaya ya ce a yi masa benci gaba ɗaya, daga aji ɗaya har shida, don layi ya fita a hoto. Ita kuwa malamar da igiya ta zo, mai ƙulli uku. Ta auna yaranta daga diddige zuwa gwiwa, ta ce kowane ƙulli da nasa bencin.

"Shi ke nan?" in ji Auta.

"Shi ke nan."

"Igiya ba ta koyar da Turanci, Baba."

Kati nata ne, 'ya tata ce. Ya ɗauki zarto ya ci gaba da aikinsa.

Aka kai yarinyar mai fenti. Bayan wata guda ta fara cewa ƙafafunta na yi mata tsami. Littafinta ya cika da rubutu a karkace, domin sai ta durƙusa a kan bencin take kai wa tebur, malama kuma ta hana durƙuso. Kafinta ya ɗora ta a kan teburin aikinsa ya auna ta.

"Amarya, daina wutsil-wutsil."

"Tsoho, ni na fasa aurenka, ƙurar katako kake wari," ta ce.

Kwana biyu ya yi mata ƙaramin benci da tebur daidai ita. Ya ɗora a baro, Auta na biye da shi, har ofishin mai makarantar. Mutumin ya tarbe su da fara'a, ya yaba aikin, ya shafa katakon. Sannan ya ce ba zai yiwu ba. Baƙi na zuwa daga cibiya, benci ɗaya gajere a tsakiyar aji zai ɓata tsari, kuma gobe kowane uba zai turo nasa.

Washegari Auta ta je wurin jami'ar cibiyar, wata matashiya mai ladabi, ta ce tana so ta mayar da katin zuwa makarantar sito. Kafinta ya raka ta. Jami'ar ta ji daɗi ƙwarai.

"Baba, ka gani? Abin da muke faɗa ke nan. Uwa ta duba, ba ta gamsu ba, ta ɗauke 'yarta. Haka makarantu za su gyaru. Za ka yarda mu ɗauki maganarka a bidiyo?"

"Yaushe za a mayar da ita, 'yata?"

Ta duba takardunta. Ta ce ƙa'ida ba a sauya makaranta sai ƙarshen shekara, don kada lissafin binciken ya rikice. Saura wata takwas. Ta ci gaba da bayani a kan dalilin ƙa'idar, ya juya mata kunnen hagu har ta gama.

Ranar da aka tashi hutun mako, mai makarantar ya aiko a zo a gyara benci huɗu masu karyayyun ƙafafu. Kafinta ya je da kansa. Da ya gama, ya shiga aji ɗaya. Yarinyar ta riga ta gaya masa wurinta, layi na uku, jikin bango. Ya ƙara wa mazaunin katako mai kauri, ya kafa wani a ƙasa inda ƙafa za ta taka, ta ciki, yadda mai tsayuwa a bakin ƙofa ba zai gani ba. Guntayen katako sun rage a buhunsa, ajin kuma benci goma sha biyu ne. Ya bi su ɗaya bayan ɗaya har guntayen suka ƙare a na bakwai.

Yarinyar ta ƙarasa shekarar a nan. Da aka koma sabon zango, Auta ta kama hannunta suka nufi sito, tana mitar rashin taga tun daga gida.