Hoton da Baba Yake Juyawa

A bola na tsince shi wata safiya a unguwarmu ta Morris Heights, an jingine shi jikin baƙaƙen ledoji kusa da wata karyayyar kujera. Hoto ne babba cikin baƙin firam, gilashin ko tsaga babu. Wani kwazazzabo ne mai zurfin da ba ka hango ƙasansa, duwatsun jajawur, ƙanƙara ta kwanta a kowane gefe kamar an barbaɗa gari. Na kinkime shi har hawa na biyar, don liftarmu ta daɗe da mutuwa.

Lokacin a ɗakin Baba nake zaune, abokin mahaifina tun suna samari a Maraɗi. Yana da tebur a Fordham Road, yana sayar da huluna da safar hannu da mayafin wuya. Ni kuwa tun da na bar makaranta a aji biyu na sakandare ban taɓa cika wata shida a aiki ɗaya ba. Na wanke mota, na kai abinci a keke, na wanke kwanuka, duk na gudu. Abu ɗaya ne ban fasa ba, ni nake sauke masa jakunkunan kaya da safe, in hau da su da yamma.

Da ya ga hoton sai ya sa tabarau ya bi shi lungu-lungu yana neman abu mai rai. Ko tsuntsu bai samu ba, ya ce to a rataye. Ya yi mini tsiya wai duk abin da ke ƙasar nan ban ga na kawowa gida ba sai rami. Matsalar ita ce ƙusa ɗaya ce a ɗakin, kuma a bangon alƙibla take. Don haka duk lokacin salla sai ya miƙa hannu ya juya hoton ya fuskanci bango, in ya sallame ya mayar. Da kansa yake yi, bai taɓa sa ni ba.

Sanyin shekarar ya yi tsanani. In na dawo sai in kwanta in yi ta kallon ramin nan har idona ya yi zafi. Ban san ma a wace jiha yake ba, na dai san ba bene, ba ƙarar jirgin ƙasa mai lamba huɗu da ke ratsa unguwarmu, ba wanda zai tambaye ni yaushe zan natsu. Sai wani abokina a Ohio ya ce akwai aiki a wani sito, in na daɗe kaɗan zan iya yin lasin tirela, kuma direbobi na ratsa irin wuraren nan. Na yanki tikitin bas ban gaya wa kowa ba.

Saura mako ɗaya in tafi, muka yi Magariba hoton yana kallonmu. Na ɗauka mantuwa ce. Washegari ina gyara sallaya na gan shi ya ɗaga hannun dama, hannun ya kai kafaɗa ya tsaya, ya sauke shi a hankali ya tayar da kabbara. Da muka zauna shan shayi, da hagu ya ɗauki kofi. Mutumin da ya taɓa buge mini hannu don na karɓi biredi da hagu.

Na gani, na kuma gane. Amma na san in na tambaya zai ba ni amsa, in ya ba ni amsa kuma ba sauran tafiya. Sai na koma riga shi tashi, ina jin lokaci ya yi in yi wuf in juya hoton, don kada ɗayanmu ya ce komai. 

Saura kwana biyu na faɗa masa zan tafi. Ya tambayi wa zai tarbe ni, akwai masallaci kusa, rigar sanyina za ta isa. Na amsa duka kaina a ƙasa. 

"Je ka, ɗana, Allah ya yi maka albarka," ya ce. "Hoton dai ka sauke mini shi kafin ka tafi. Ba na kaiwa."

Na ce to, Baba. Na sauke shi na tura bayan kwaba. Na roƙi wani maƙwabcinmu ya riƙa taya shi da kaya, ya ce in yana gida zai yi. Na san ba ya zama gida.

Mako uku da tafiyata wata maƙwabciyarmu 'yar Kumasi mai aikin kula da tsofaffi ta kira ni ina hutun cin abinci. Ta ce a matakala ta same shi, tsakanin hawa na uku da na huɗu, jaka ɗaya a kansa, bakinsa ya karkace. Yana asibiti, ba ya magana. Na ce zan taho Juma'a in an ba ni hutu.

Alhamis bayan Azahar aka binne shi. Ina tsakanin kwalaye aka faɗa mini, shugaban aikinmu yana nuna mini agogo daga nesa. Na sa wayar a aljihu na ci gaba da lodi.