Muryar da Ke Ƙarƙashin Waƙa

Ƙarfe huɗu da kwata na yamma ne, an sauko daga sallar la'asar. Mu huɗu ne a shagon: ni, da taubashina da muke aiki tare, da wani tsohon masunci da ciwon ido ya makantar, da ɗansa da ya riƙo hannunsa. Abin da ya faru a yammacin nan ba zai fita daga raina ba har in koma ga Allah.

Amma bari in ɗauko daga tushe, don ba na son labari a hargitse.

A shekarun nan muna da shagon ɗaukar bidiyo a Madarumfa, kan hanyar da ta gangara tabki. Suna ne, walima ce, tarbar alhazai ce, daga Safo har Ɗan Issa mu ake kira. Taubashina ke riƙe kamera. Ni ke zama gaban kwamfuta ina montaj, wato yanka hotuna da jera su. Karatuna na lakol, wato boko, bai yi nisa ba, amma ina da tsari. Da farko in kwashe abin da aka ɗauko. Na biyu in ajiye shi ɗanyensa a diski dabam, ba tare da na taɓa komai ba. Sai na uku in fara yanka. Saboda wannan ne taubashina ya laƙaba mini Ajudan, wato hafsan soja mai tsantseni kan tsari.

Rigimarmu kullum a kan kayan aiki take. Duk lokacin da muka sami sarari, shi sabuwar manhajar montaj yake so, ni kuwa ƙarin diskin ajiya. Yakan ce shara nake tarawa, wa zai dawo neman kukan akuya da tarin tsofaffi? Ni kuma in ce manhajarsa rawar kai ce, tsohuwar da na saba da ita ta ishe ni. Daga ƙarshe ya je Maraɗi ya dawo da tasa, ya sa ta a kwamfuta ta biyu. Na ce ba zan taɓa ta ba, kuma ban taɓa ba.

Akwai abin da yaran yanzu ba su sani ba. A wancan lokaci kowa so yake a ɗora waƙa a kan bidiyonsa tun daga farko har ƙarshe. Ana ganin baki na motsi, amma ba a jin kowa. In ka bar sautin wurin, sai a ce ba ka iya aiki ba.

To, ranar nan ɗan tsohon ya yi mana bayani. Mu ne muka ɗauki bidiyon sunan ɗansa na fari, jikan tsohon, shekarun baya. Mahaifiyarsa, matar tsohon, ta rasu da daminar da ta wuce. Sun kunna wa tsohon faifan, ya zauna ya saurara har ya ƙare, bai ji komai ba sai waƙa. Tsohon da kansa ya ƙarasa maganar.

"Yaro, ni hoto ya ƙare mini. An ce tana ciki. Jin ta nake so."

Na miƙe na ɗauko diskin shekarar, na dubi taubashina. Ya kau da kai kamar yana ƙirga itacen rufi. Murnata ba ta daɗe ba. Da na kunna ɗanyen, ga tsohuwar nan tana riƙe da jariri, bakinta na motsi, amma ƙarar gurup ta rufe komai, don a ranar an ɗauke wuta, injin ba da wutar kuma a bayanta aka girke shi. Manhajata abu biyu ta sani game da sauti: ɗagawa da ragewa. In na ɗaga muryar, injin ya ɗagu tare da ita. Tsohon ya karkato kunne, can ya ce inji kawai yake ji. Ɗansa ya fara kama hannunsa za su tafi.

"Ajudan, tashi ka ba masu rawar kai wuri," in ji taubashina.

"Sharar tawa za ka taɓa?"

"Sharar taka, da rawar kan tawa. Miƙo diskin."

Na miƙa masa. Na tsaya a bayansa ina kallo, karo na farko. Ya nemo wurin da babu mai magana, inji kaɗai ke ƙara, ya nuna wa manhajar, ya ce ta san wannan ƙara ta bi ta tsince ta. Gwajin farko ya cinye har muryar. Ya rage, ya sake. Ya sake ragewa. Na aika aka dafa wa tsohon shayi, ya riƙe kofin har ya huce bai kurɓa ba.

Dab da magariba muka rufe ƙofa saboda ƙarar kabukabu, muka juya lasifika wajen tsohon. Muryar ta fito siririya kamar daga cikin rijiya, amma ana jin kowace kalma. Na zaci addu'a ce take yi wa jikan. Ashe ba da jikan take ba.

"Malam, gyara hular nan taka, ta karkace. Kullum sai an faɗa maka kamar yaro."

Tsohon ya ajiye kofin a ƙasa. Ya ɗaga hannu biyu ya gyara hularsa.

Ɗansa ya juya ya fuskanci bango. Can tsohon ya ce, "Ita ce. Faɗan ma nata ne." Ya nemi a maimaita, muka maimaita har aka kira salla. Muka zuba masa muryar a katin rediyonsa. Daga baya an gaya mini kowace safiya sai ya kunna ta kafin ya fita zaure.

Yau shagon babu shi. Kowa na montaj a wayarsa, taubashina ya koma Maraɗi da iyalinsa, diskokin suna nan a akwatin ƙarfe ƙarƙashin gadona. In na bi ta hanyar tabki nakan tuna rigimarmu, in yi kewarta. Abin da na koya shi ne, ajiyata ita kaɗai inji za ta jiyar da tsohon, manhajarsa ita kaɗai kuma ba ta da abin da za ta gyara. Kayan aiki ba don gardama ake zaɓar su ba, don wanda zai zo nema wata rana ne.

Mai karatu, roƙona ɗaya ne. In ka ɗauki bidiyon taron gidanku, ɗora waƙar da kake so, amma ka ajiye ɗanyen a wani wuri dabam. Kada ka binne muryar tsofaffinka tun suna raye.