Zoben da Mai Ya Bari a Jikin Fulota

Har yau ban manta da ranar da wani maƙerin azurfa ya gyara mini mota ba tare da ya ko leƙa cikinta ba.

Shekaru kaɗan kafin mulkin kai, ina direban ofishin da ke raba wa manoma irin gyaɗa a Matameye. Motar wata tsohuwar kamiyonet ce, wato 'yar motar kaya, da soja suka gaji da ita suka bar mana. Ka'idar aikin ita ce a ajiye iri a sito, sai ruwan shuka ya sauka a kai wa kowane gari rabonsa, don kada yunwar bazara ta sa a cinye shi. Laimar shuka kuwa ba ta wuce kwana biyu zuwa uku. Wanda irinsa ya makara sai ya jira wani ruwan, in ma ya zo.

An yi ruwa ranar Talata. Laraba da hantsi muka ɗora buhunan mutanen Dawce, na tada mota, sai ta kama karkarwa tana fitar da baƙin hayaƙi, ta mutu tun ba mu fita gari ba. Na buɗe, na tarar mai na tsiyaya daga bakin karbireta. Buji, waɗanda 'yan Kano ke ce wa fulogi, duk sun yi baƙi, sun jiƙe.

Ga wanda bai san karbireta ba, akwai wani ɗan ƙoƙo a cikinta inda mai ke taruwa. A ƙoƙon akwai 'yar ƙwarya ta tagulla, rufaffiya, mai yawo a saman mai, muna ce mata fulota. In mai ya cika sai ta taso ta tura allura ta toshe hanya. In ta nutse, mai zai yi ta kwarara har ya shaƙe inji.

Na wanke allura, na busa hanyoyin mai, ba canji. Da na girgiza fulota kusa da kunne na ji ruwa a ciki, na gane ta huje. Ma'ajin sito, Mushe Amadu (Mushe shi ne Malam a Faransance), ya ce in an rubuta Damagaram neman sabuwa sai ta yi wata ba ta zo ba. Na ce ya kwantar da hankalinsa. Na yi aiki a Ikko da Kwatano da Fort-Lamy ta ƙasar Cadi, na ga yadda kowa ke yi. Bafaranshe zai jefar ya yi odar sabuwa. Bakano zai ciro daga matacciyar mota. Larabawan Cadi kuwa sabulu suke shafawa su yi gaba. Ni na narka dalma na lafta mata, na mayar. Mota ta yi tafiyar da ba ta kai jifa biyu ba, ta sake shaƙewa.

Har azahar ina abu ɗaya. Wani dattijo da ke zaune bakin rumfarsa yana kallona, Baba Nomau, mai ƙera wa mata awarwaro da zobba, ya ɗaga murya.

"Direba, an ce kana jin Faransanci da Yarbanci da Larabci. Ka gwada mata ɗaya mana, ko za ta ji."

Na ce duk na gwada, Baba, zagi ma na yi da kowanne.

Ya ce in kawo masa abin da ke wahalar da ni. Na kai ina jin kunya. Ya auna ta a tafin hannunsa, ya tambaye ni aikinta. Na faɗa masa. Ya dubi dalmar da na lafta ya ce, "Abin da aka yi don ya yi yawo a kan ruwa, ka ɗaura masa dutse?"

Bai kai ta wuta ba. Ya kankare dalmata da magagari, ya sa matarsa ta kawo ruwan zafi, ya nutsa fulotar ciki. Ƙananan kumfa suka riƙa fitowa daga wata huda da ban gani ba, nesa da inda na liƙe. Ya bar ta har kumfa suka ƙare, alamar man da ke ciki ya fita. Sai da ta huce sarai ya ɗiga mata dalmar da ba ta kai ƙwayar gero ba.

Na miƙa hannu zan karɓa, ya hana. Ya sa na zubo mai a ƙoƙon duma, ya saki fulota a kai. Sannan ya nuna mini wani siririn zobe mai duhu da ya kewaye jikinta, wanda ni na ɗauka datti ne.

"Shekara da shekaru nan mai ke tsaya mata," in ji shi. "Ita ta faɗi nauyinta da kanta."

Ta ɗan nutse fiye da zoben. Ya cire, ya kankare kaɗan, ya mayar. Sau huɗu ya yi haka kafin saman mai ya hau daidai kan zoben. Na ɗaura, na goge buji, na murɗa. Inji ya tashi sumul, hayaƙi ya washe.

Kafin la'asar ta yi sanyi muna Dawce. Mutane na bakin gari da ƙwaryarsu, mai gari ya tona ƙasa da yatsa ya nuna mini laimar da ta rage. Washegari suka shuka.

Da na dawo na roƙi Baba Nomau ya shiga motar in zaga da shi gari. Ya ce shi bai yarda da abin da ransa ke hannun 'yar ƙwarya ba.

Na yi shekara talatin bayan nan ina tuƙi, na koya wa direbobi da yawa. Abin da na fi nanata musu shi ne, kafin ka taɓa tsohon ƙarfe, nemi alamar da aikinsa ya bari a jikinsa. Na je garuruwa da dama neman sana'a, amma wannan a rumfar maƙeri na same shi, taku arba'in daga ƙofar sitonmu.