Baba Waƙafi da Ƙaton Harafi

Shekara talatin da takwas Baba Waƙafi ya yi yana jera haruffan dalma a maɗaba'a, ɗaya bayan ɗaya, a juye. Sunan ya bi shi ne don ba ya wuce allon shago bai nuna inda aka manta waƙafi ba. Da maɗaba'ar ta koma kwamfuta, sai ya dawo gida ya zauna.

Matar babban ɗansa malamar lissafi ce a kwaleji. Wata Asabar da hantsi ya leƙa teburinta, ya tarar tana kan kwamfuta tana shirya shafukan da za ta haska wa ɗalibai a bango, amma ba abin da yake gani sai layukan umarni.

"'Yata, ina shafin?"

"Sai na gama umarnin, Baba. Nan na ce kanu ne, nan na ce harafi ya yi kauri. In na danna, shafin ya fito."

Ya buga cinya. "Ai aikinmu ne! Ba ka ganin komai sai an buga!"

Nan take ta roƙe shi ya zo ya yi wa ɗalibanta bayani kan siffar haruffa. Ya ce ya yarda, amma shi zai tsara shafukansa. Kwana tara yana caka madannai da yatsa ɗaya. Ya sa alamar buɗe baka a cikin umarnin ya manta da ta rufewa, na'ura ta zazzago masa jan gargaɗi, ya yi ta dariya har da hawaye.

"Wallahi halin tsohon maigidana! Kuskure ɗaya, ya watsa maka aikin duka."

Ranar da harafin "g" ya fito ya cika shafi, ya cire hula ya taka rawa a tsakar falo. Matarsa ta fito daga kicin da ludayi a hannu.

"Malam, lafiya?"

"Zo ki ga kunnensa! Dubi tumbinsa!"

"Tumbin wa?"

Minti ashirin aka ba shi a kwalejin, ya cinye awa ɗaya da rabi, shafi huɗu kawai ya nuna cikin goma sha biyu. Ya zaro haruffan dalma daga aljihu, ɗalibai suka yi ta wawaso, kowa na neman farkon sunansa. Ya dawo gida murya a dishe, ya ci abinci a tsaye, yana tambayar surukarsa ko ajin ranar Talata ma nata ne.